Karen Pit Bull: Tambayoyi da Amsoshi kan Kulawa, Kiwo da Ɗaukar Riƙo

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawo a bakin masu shirin ajiye wannan kare da waɗanda suka riga suka ajiye. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata an nuna.

Wai shin pit bull iri ɗaya ne, ko suna ne na karnuka da yawa?

Suna ne da aka tara karnuka da dama a ƙarƙashinsa. Na asali shi ne American Pit Bull Terrier, wanda ƙungiyar United Kennel Club ta Amurka ta fara yi wa rajista a 1898. Akwai American Staffordshire Terrier, wanda American Kennel Club ta karɓa a 1936, da Staffordshire Bull Terrier, ɗan gajere daga Ingila, wanda aka amince da shi can a 1935. Na baya-bayan nan shi ne American Bully, mai faɗin ƙirji da gajerun ƙafafu, wanda aka fitar wajen shekarun 1990.

Ban da waɗannan, duk karen da ke da babban kai, gajeren gashi da murɗaɗɗen jiki, mutane pit bull suke ce masa, ko da babu ɗigon jinin a jikinsa. Hatta ma'aikatan gidajen ajiye karnuka sukan yi kuskure idan da ido kawai suka yi hukunci. Na asalin ma bai kai girman da ake zato ba: namiji yakan yi kilo 16 zuwa 27, macen 14 zuwa 23. In ka ga mai kilo 50, to da alama an gauraya shi da wani iri.

Me ya haɗa sunansa da faɗa?

Tarihinsa. A Ingila ta dā akwai wasan da ake ɗaure bijimi a saki karnuka su far masa, jama'a na kallo suna caca. Majalisar ƙasar ta haramta wannan a 1835, sai masu wasan suka koma haɗa kare da kare a cikin rami, domin hakan ya fi sauƙin ɓoyewa. Suka riƙa haɗa karen bijimin mai ƙarfi da ƙananan karnukan farautar ɓera masu zafin nama, suka samu kare mai ƙarfi, mai sauri, wanda ba ya saki. Kalmar pit tana nufin ramin nan. Baƙin haure daga Ingila da Ayalan suka tsallaka da su Amurka, inda suka zama karnukan gona da na gida, duk da cewa faɗan bai mutu ba. Yau haɗa karnuka faɗa babban laifi ne a duka jihohin Amurka 50.

Mugu ne tun daga haihuwa, ko duk laifin mai shi ne?

Ɓangarorin biyu kowa ya riƙe rabin gaskiya ya ƙi sakin ta. Masu cewa tarbiyya ce kaɗai sun manta cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. An shafe shekaru da yawa ana zaɓen karnukan da ba sa ja da baya a gaban ɗan'uwansu kare, kuma wannan halin bai ɓace ba. Ita kanta United Kennel Club ta rubuta a bayanin irin cewa yawancinsu suna da wani abu na rashin jituwa da sauran karnuka. Amma bayanin ya kuma ce kai wa mutum hari ba halin irin ba ne, kuma aibi ne. Yawancinsu masu son mutane ne har ya yi yawa, shi ya sa da dama ba sa yin gadin kirki.

Masu cewa jini ne kaɗai kuma sai su dubi abin da ya faru a 2007, lokacin da aka ƙwace karnuka kusan 50 daga gidan faɗan kare na ɗan wasan Amurka Michael Vick. Maimakon a kashe su duka kamar yadda aka saba, sai aka gwada halin kowanne shi kaɗai. Kaɗan ne ƙwarai aka kashe. Sauran aka raba su tsakanin matsugunan dabbobi da gidajen mutane, wasu suka tsufa a cikin iyali lafiya lau.

Ni abin da nake gani shi ne wannan: abin da ya raba pit bull da ƙaramin kare ba yawan fushi ba ne, girman ɓarna ne idan abu ya lalace. Ƙaramin kare ya cije ka, ka wanke ka je a yi maka allura. Wannan in ya kama da gaske, maganar ɗinki ce ko abin da ya fi haka. Saboda haka sakacin da za a yafe wa mai wani kare, ba a yafe wa mai pit bull.

Gaskiya ne muƙamuƙinsa yana kullewa in ya kama abu?

A'a. Babu wani makulli a bakinsa, ƙirar muƙamuƙinsa irin ta sauran karnuka ce. Naci ne kawai: ya kama, ya girgiza, ya ƙi saki. Yadda ake sa shi ya saki yana cikin amsar raba faɗa.

Doka ta yarda in ajiye shi?

Ya danganta da inda kake, kuma wannan ne abin da za ka fara bincika kafin ka kalli ko hoton kwikwiyo. Birtaniya ta haramta shi a dokar karnuka masu haɗari ta 1991, tare da Tosa na Japan, Dogo Argentino da Fila Brasileiro. Abin lura, dokar da siffa take aiki, ba da takardar asali ba: in karenka ya yi kama da shi, ana iya kama shi. Daga 1 ga Fabrairu 2024 kuma, ajiye XL Bully, wato babban nau'in American Bully, ba tare da takardar izini ba ya zama laifi a Ingila da Wales. Lardin Ontariyo na Kanada ya haramta shi a 2005, Jamus ta hana shigo da shi a 2001. A gefe guda, Holan ta kafa irin wannan doka a 1993 ta soke ta a 2008, birnin Denver na Amurka ma ya janye haramcinsa na 1989 bayan ƙuri'ar jama'a a 2020.

Ko inda doka ta yi shiru, mai gidan haya, kamfanin inshora ko kamfanin jirgin sama na iya cewa a'a. Karnuka da yawa sun rasa gida ba don sun ciji kowa ba, sai don mai su ya tashi zuwa inda ba a karɓarsu.

Ina da yara ƙanana. Zai zauna da su lafiya?

Da yawa suna zama. Amma kada ka yarda da zancen nan da ke yawo a intanet cewa shi kare ne mai renon yara. Babu karen da ake bar wa reno. Ƙa'idar ita ce yaro ƙarami da kare ba sa zama su kaɗai, ko da na minti biyu ne da za ka shiga ka ɗauko waya. A koya wa yaro kada ya hau bayansa, kada ya ja kunne ko jela, kada ya taɓa shi yana cin abinci ko yana barci.

Ka koyi karanta jikinsa, domin kafin cizo kare yakan yi magana. Yaro ya rungume wuyansa, sai ka ga ya kau da kai, yana lasar leɓe, yana hamma ba da barci ba, farin idonsa ya fito. In aka ci gaba sai ya sandare, baki a rufe, jela a miƙe ba ta motsi. Wannan sandarewar ta fi haushi haɗari. Kuma in ya yi gurnani kada ka doke shi: gurnani gargaɗi ne, wanda ya kashe gargaɗi kuwa ya bar wa kansa karen da zai ciza ba sallama.

Yaya zamansa da wasu karnuka da kyanwa?

A nan ne aka fi shan mamaki. Kwikwiyon da ke wasa da kowa yana wata 6 yana iya canzawa tsakanin shekara 1 zuwa 3, lokacin da hankalinsa ya gama nuna, ya daina jure wa wasu karnuka, musamman namiji da namiji ko mace da mace. Sai mai shi ya ce ai bai taɓa yi ba. Gaskiya ne bai taɓa ba, lokacin ne bai zo ba. In za ka ajiye biyu, namiji da mace sun fi zama lafiya. A raba musu wurin cin abinci, kada a bar ƙashi ko abin wasa ɗaya a tsakaninsu, in za a fita a rufe kowa a wurinsa. Kyanwa kuwa, wanda ya tashi da ita yakan bar ta, amma wadda ta gifta a guje a waje abin farauta ce.

In faɗa ya ɓarke, yaya ake raba su?

Kada ka sa hannu kusa da baki ko abin wuya, nan ne masu kare suke samun raunin da ya fi muni, sau da yawa daga nasu karen. Ihu da duka ƙara zuga su suke yi. In ku biyu ne, kowa ya kama ƙafafun baya na kare ɗaya ya ɗaga, amma kada a fizge yayin da ɗaya ke riƙe da naman ɗaya, domin fizgar ita ke yaga fata. Masu irin wannan kare sukan ajiye wani ɗan katako mai faɗi da siririn baki, a cusa shi ta gefen baki bayan turamen haƙori a murɗa, bakin ya buɗe. Da sun rabu a nisanta su, a kai likita ko da ramin haƙorin ƙarami ne, don ɓarnar tana can ƙarƙashin fata.

Me yake buƙata kullum?

Gajiya. Aƙalla awa guda na motsa jiki, tafiya da gudu da wasan ja-in-ja, sannan abin taunawa mai tauri. Pit bull ɗin da ba shi da aikin yi zai ƙirƙiro wa kansa, kuma aikin shi ne kujerarka da takalminka. Gwanin tsalle ne da haƙa, don haka katanga ta zama doguwa kuma ba ta haƙuwa ta ƙasa. Ɗaure shi a sarƙa dare da rana kuwa, ban san hanyar da ta fi ta saurin lalata halin kare ba.

Babba yana cin abinci sau biyu a rana, kwikwiyo sau uku zuwa huɗu. Ka shafa haƙarƙarinsa: in ba ka jin ƙashi sai ka danna, ya yi ƙiba, kuma gwiwoyinsa ne za su biya. Cakulan, albasa, tafarnuwa, inabi da zabibi guba ne gare shi, haka ma sinadarin zaƙi na xylitol da ke cikin wasu cingam. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Gashinsa gajere ne, ba ya jure sanyi, farare kuma rana tana ƙona musu hanci da kunne. In ana zafi a fita da shi da sassafe ko da yamma, domin shi ba zai tsaya da kansa ba sai ya faɗi.

Ana cewa sai da duka yake jin magana. Haka ne?

Ba haka ba ne. Yana cikin karnuka masu saurin koyo, ga son abinci ga son yabo, abin da mai horo ke nema ke nan. Duka yana koya masa tsoron hannu, karen da ke tsoro kuwa shi ne mai cizo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: tsakanin mako 3 zuwa kusan 14 ne kwikwiyo ke yanke abin da zai ɗauka a matsayin ruwan dare da abin da zai ji tsoro. A wannan ɗan lokaci ya ga mutane iri-iri, ya ji ƙarar mota, ya haɗu da karnuka masu lafiya da natsuwa. Umarnin da suka fi muhimmanci su ne zo, zauna, bari, da saki. A saba masa da takunkumi tun yana ƙarami ta hanyar sa masa ɗan abin daɗi a ciki, don ranar da za a buƙaci shi a wurin likita ba a fafe gora ranar tafiya.

Waɗanne allurai da cututtuka zan sa wa ido?

Rigakafi yana farawa daga mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Allurar haukan kare daga mako 12 ne. Wadda ta fi kashe kwiyakwiyai ita ce cutar parvo, mai amai da gudawar jini, kuma ƙwayarta tana daɗewa a ƙasa watanni. Kwikwiyon da ya ƙi abinci ya fara amai ba a jira da shi gobe.

Babban ciwon kan wannan iri shi ne fata: ƙaiƙayi, lasar tafin ƙafa har ya yi ja, ciwon kunne mai dawowa, da wata ƙazuwa mai zubar da gashi a fuskar ƙanana. Sai gurɗewar ƙugu da ake gado, da tsinkewar jijiyar gwiwa, wadda alamarta ita ce ɗingishi kwatsam da ƙafar baya. Akwai kuma wata cutar jini da kaska ke yaɗawa, wadda cizon kare ma ke ɗauka, mai sa dasashi ya yi fari. Da kulawa mai kyau yakan yi shekara 12 zuwa 14.

In ɗauki babba daga gidan ajiye karnuka, ko in sayi kwikwiyo?

Mutane suna ganin kwikwiyo ya fi aminci don su za su rene shi. Ni na fi karkata ga babba, musamman ga wanda bai taɓa ajiye irin ba. Kamar yadda aka faɗa a amsar zama da wasu karnuka, halinsa na gaskiya ba ya gama fitowa sai ya girma. Kare mai shekara 3, abin da ka gani shi ka samu. Kuma a Amurka matsugunan dabbobi cike suke da su, sukan fi sauran daɗewa ba a ɗauka ba.

Ka yi tambaya ba kunya. Me ya kawo shi nan? Ya taɓa cizo? An gwada shi da yara, da karnuka, da kyanwa? Yana gurnani a kan abinci? In ba mu daidaita ba za ku karɓe shi? Ka je fiye da sau ɗaya, ka fita da shi yawo nesa da hayaniyar keji. Wanda ya zauna a gidan mai riƙon wucin gadi ya fi, don akwai wanda ya ga zamansa na cikin gida. In kuma kwikwiyo za ka saya, ba a cinikin biri a sama: ka ga uwar da idonka, ka ga yadda take karɓar baƙo. Wanda ke tallar karnukansa da girman kai da zafin faɗa, juya ka tafi.

Na kawo shi gida ya ƙi ci, ya lafe a lungu. Na yi kuskure ne?

Ba lallai ba. Kwanakin farko baƙo ne. Ba shi wuri mai shiru, lokacin abinci da na fita su zama tsayayyu, a dakatar da 'yan kallo. Bayan makonni zai fara sakin jiki, a lokacin ne ma ƙiriniyarsa ke fitowa. In akwai wani kare a gidan, kada a haɗa su a bakin ƙofa. A fita da su waje, kowa da mai riƙe da igiyarsa, a yi tafiya gefe da gefe da tazara, ana rage ta a hankali.

Mai shuɗin hanci da mai jan hanci, wanne ya fi?

Launi ne kawai, ba iri ba ne, kuma bai shafi hali ba. Jan hanci yana da tarihi a wata tsohuwar zuri'a da ake dangantawa da Ayalan. Shuɗin kuwa baƙi ne da ya dusashe ta hanyar gado, kuma wasu masu wannan launi suna fama da zubewar gashi. Wanda ya fi damuna shi ne launin dabbare-dabbare da ake kira merle: in aka haɗa biyu masu shi, ana samun 'ya'ya kurame ko makafi.

Ina da karya kyakkyawa, ina so ta haihu. Me zan sani?

Tambayi kanka tukuna: ina kwiyakwiyai 5 zuwa 10 za su je? Samun gida ɗaya na kirki ga pit bull aiki ne, balle takwas. Waɗanda suka fi saurin miƙo kuɗi sau da yawa su ne waɗanda bai kamata a ba su ba. In har za a yi, kyau ba ya cikin sharuɗɗan farko. Hali ne a gaba: karen da ya taɓa nuna wa mutum haƙori ko mai yawan tsoro ba a kiwo da shi, komai kyansa. Sai hoton ƙugu, gwajin zuciya, da gwajin jini na cututtukan gado, kamar ciwon ƙwaƙwalwa mai sa tangaɗi da ake samu a American Staffordshire Terrier. A gwada duka biyun kan cutar da ke sa ɓari kafin barbara. Karyar ta kai shekara 2, kuma ba a haɗa uba da 'ya ko wa da ƙanwa don neman launi.

In ba za ka yi kiwo ba, yi magana da likita kan cire mahaifa ko fiɗiya da lokacin da ya dace. Karyar da ba a cire wa ba tana fuskantar ruɓewar mahaifa bayan lokacin barbara, cuta mai kisa. Sai dai kada a ɗauka fiɗiya za ta maye gurbin horo.

Yaya cikin da haihuwar suke, kuma yaushe zan ba da 'ya'yan?

Karya tana neman barbara kusan duk wata 6, abin yana ɗaukar mako 2 zuwa 3. Ciki kwana 63 ne, da ɗan ƙari ko ragi. In haihuwa ta kusa zafin jikinta yakan sauka zuwa wajen digiri 37, ta ƙi abinci, ta yi ta tonon shimfiɗa tana haki. Kowane ɗa yana fitowa cikin jakarsa, uwar ta yaga ta lashe shi har ya yi kuka. In ta yi sakaci, kai za ka yaga, ka share masa hanci, ka goge shi da tawul. In ta yi minti 30 tana yunƙuri da ƙarfi ba abin da ya fito, ko awa 2 ta wuce tsakanin ɗa da ɗa alhali akwai saura, a kira likita ko tsakar dare ne. Mai shayarwa da ta fara rawar jiki da sandarewa ita ma gaggawa ce, sinadarin ƙashi ne ya yi ƙasa a jininta.

Idanunsu suna buɗewa a kwana 10 zuwa 14, maganin tsutsa yana farawa a mako 2, abinci mai laushi a mako 3 zuwa 4. Ba a raba su da uwa kafin mako 8, domin a wasa da 'yan'uwansu ne suke koyon iyakar cizo. Kada ka yanke musu kunne, ado ne kawai, kuma Birtaniya da ƙasashen Turai da yawa sun haramta. Kafin ka miƙa kowanne, ka yi wa mai karɓa tambayoyi kan abubuwan da aka faɗa a amsoshin doka da na yara, ka ga inda karen zai kwana, a sa masa 'yar na'urar shaida ta ƙarƙashin fata, kuma ku rubuta cewa duk ranar da ya kasa riƙe shi, wurinka zai dawo da shi.